Kafin Ka Latsa, Kafin Ka Tura

[KIƊAN BUƊE SHIRI]

MAI GABATARWA:

 Yau zancenmu a kan abin da ke cikin aljihunka ne, ko cikin jakarki, wataƙila ma da shi ake sauraronmu a yanzu, wato wayar hannu. Asusun banki yana cikinta, cinikin shago yana cikinta, hotunan iyali da sirrin gida duk suna ciki. Inda dukiya ta koma kuwa, can ɓarawo yake bin ta.

Abu ɗaya nake so mu riƙe tun daga farko. Mafi yawan satar da ake yi ta intanet ba ta yiwuwa sai mai kayan ya sa hannunsa. Sai ka latsa wani abu, ko ka sauke wata manhaja, ko ka karanto wata lamba, ko ka tura kuɗin da kanka. Shi ya sa duk ƙoƙarin ɗan damfara bai wuce ya hana ka tsayawa ka yi tunani ba. Wani lokaci da tsoro zai zo maka, wani lokaci da kwaɗayi, wani lokaci kuma da sunan wanda ka amince da shi. Amma kowanne ya ɗauko, da gaggawa yake haɗa shi.

Kada kuma mu ɗauka wani yaro ne shi kaɗai a ɗaki da tsohuwar kwamfuta. A watan Disamba na 2024, hukumar EFCC ta kai samame wani bene mai hawa 7 a unguwar Victoria Island da ke Legas, ta kama mutum 792, cikinsu har da 'yan ƙasar Sin 148 da 'yan Filifins 40. Hukumar ta ce aikinsu yaudarar mutane ne da soyayyar ƙarya da jarin kuɗin kirifto na bogi. An jera tebura da kwamfutoci, an raba layukan waya, ana koya wa sababbin shiga abin da za su rubuta. Wanda yake turo maka saƙo, sana'arsa ke nan. Maganar da yake faɗa maka ya maimaita ta har ta zauna masa, kai kuwa yau ka fara jin ta.

[GAJEREN KIƊA]

Bari mu fara da wata damfara da ta yi wa mutanenmu ɓarna sosai a 'yan shekarun nan, satar WhatsApp.

Waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba ce. Ka ɗauka, sai ka ji murya mai ladabi: "Salamu alaikum Alhaji, daga zauren tsofaffin ɗalibai nake kira. Akwai taron da za mu yi ta intanet da ƙarfe 8 na dare, mun turo maka lambar shiga, don Allah karanto min in sa sunanka." Ka duba, ga saƙo kuwa ya shigo ɗauke da lambobi 6.

Ga abin da ya faru a ɓoye. Mutumin ya shigar da lambar layinka ne a WhatsApp ɗin da ke kan tasa wayar. Kamfanin kuma, don ya tabbatar mai layin ne yake neman shiga, sai ya aiko lambobi 6 zuwa gare ka. Kana karanto masa su, asusunka ya tashi daga wayarka ya koma tasa. In ka ce to yaya aka yi ya san sunanka da zauren da kake ciki, amsar ita ce ya riga ya sace asusun wani ɗan zauren, ta nan ya ga kowa.

Daga nan sai saƙonni su fara fita da sunanka da hotonka: "Yaya, don Allah ranta min dubu 50, manhajar bankina ta ƙi aiki, gobe da safe zan mayar maka." Lambar asusun da zai bayar ba ta ɗauke da sunanka, amma yana da amsa a baki, zai ce ta mai POS ce. Mutuncin da ka shekara kana tarawa, shi yake sayarwa cikin dare ɗaya.

Rigakafin wannan a cikin WhatsApp ɗin yake. Ka shiga saiti, sashen asusu, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Za ka zaɓi wata lambar sirri ta kanka, wadda ko an sami lambobin da aka aiko ta saƙo, sai an kawo ta kafin a shiga. Idan kuma an riga an sace, ka sake yin rajista da layinka nan take. Sabuwar lambar da za a aiko maka tana fitar da ɓarawon. In ya riga ka sa tasa lambar sirrin, za ka jira kwana 7 kafin ka shiga, amma shi ma yana waje. A tsakanin nan ka sanar da 'yan'uwa da abokai ta kira ko ta bakin wani. Kai kuma da aka roƙa rance a rubuce, ko da mahaifiyarka ce hotonta yake kai, kira ta a layi ka ji muryarta kafin ka tura ko sisi.

[GAJEREN KIƊA]

Sai saƙonnin tallafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 rayuwa ta ƙara tsanani, waɗannan saƙonni suka yawaita a zaurukanmu. Yau gwamnati ce ke rabon kuɗi, gobe kamfanin waya ke ba da data kyauta, jibi ana ɗaukar aiki a Kwastam, da azumi ya kama kuma wani attajiri ne ke raba kayan buɗa-baki ko kujerar Makka. Ƙarƙashin saƙon akwai shuɗin rubutu, linki, an ce ka latsa kafin 12 na dare.

Kana latsawa za ka ga shafi tsaf, da tambarin ƙasa, da hoton shugaba, da jerin wasu mutane suna godiya wai sun ga alat. Sai a buƙaci sunanka, ranar haihuwarka, lambar wayarka, NIN, BVN da lambar asusu. A ƙarshe a ce ba za a saki kuɗinka ba sai ka tura saƙon zuwa zaure 5 ko mutum 20. To jama'a, nan asiri yake tonuwa. Babu gwamnatin da ke sa talaka ya yi mata talla a WhatsApp kafin ta ba shi haƙƙinsa. An karɓi bayananka, sannan an mai da kai ɗan aike, ka kai wa danginka tarkon da hannunka. Su kuma sun yarda ne domin daga wurinka ya fito.

Akwai wata 'yar dabara da ta kamata kowa ya iya, karanta adireshin shafi. Tambari da hoto kowa na iya kwafa, adireshi ne ba a iya kwafa daidai. Shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya da gov.ng suke ƙarewa, na Nijar da gouv.ne, na Gana da gov.gh. Ƙarshen sunan ake dubawa, ba farkonsa ba. Ɗan damfara zai iya rubuta sunan hukuma ko na banki a farko, ya bi shi da wasu kalmomi, ya ƙare da wani baƙon abu. Wani kuma harafi ɗaya kawai zai sauya, ya sa sifili a gurbin harafin o. Hoton ɗan kwaɗo da ake gani kusa da adireshi ma ba shaidar gaskiya ba ne; abin da yake nufi kawai shi ne wani na uku ba zai leƙa abin da ke tsakaninka da shafin ba. Shafin ɓarayi ma yana iya samun sa. Har kamfanin Google ya cire hoton kwaɗon daga Chrome a 2023, saboda mutane suna yi masa wannan gurguwar fahimta.

[GAJEREN KIƊA]

Bayanan nan da aka cike a shafin bogi, ina suke zuwa? Bayan 'yan kwanaki za su dawo maka ta bakin wani mai kira. "Ranki ya daɗe Hajiya, daga hedikwatar bankinki ne. An sami matsala a BVN ɗinki, in ba a gyara cikin awa ɗaya ba za a rufe asusun." Zai faɗi cikakken sunanki, ya faɗi ranar haihuwarki, har ki ce lallai wannan ma'aikaci ne.

Babban Bankin Najeriya ya kawo BVN a 2014, lambobi 11 da ke haɗa duk asusun mutum da yatsunsa da fuskarsa. Ita kaɗai ba ta fitar da kuɗi. Amfaninta ga ɓarawo shi ne ta sa ki sake jiki da shi, don ya karɓi abin da yake nema na ainihi: dogayen lambobin gaban katin ATM, ranar da katin zai daina aiki, lambobi 3 na bayansa, lambar sirri, sai kuma OTP, wato lambar nan da banki ke aikowa ta saƙo a yi amfani da ita sau ɗaya. A daidai lokacin da yake magana da ke, yana kan wani shafi yana ƙoƙarin cire kuɗinki. Bankin ya aiko OTP ne yana tambaya, ke ce kika ba da izini? Kina karanto masa, kin amsa da e.

Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri ko OTP, a waya ko a gaban kanta. Duk wanda ya tambaya, ki kashe wayar. Ba rashin kunya ba ne. In hankalinki bai kwanta ba, ki kira lambar da ke bayan katinki, ko ki taka zuwa reshe.

Layin waya ma yanzu dukiya ne, tunda da shi ake transfa ta lambobin tauraro da ake dannawa ko babu intanet, haka nan ga masu ajiyar kuɗi a layi a Nijar da Gana da Kamaru. Wanda ya fizge waya, sau da yawa layin yake so fiye da wayar. Saboda haka a sa wa sim lambar sirri tasa, daban da ta buɗe waya. A kuma tambayi banki lambar gaggawa ta rufe asusu, wadda ake iya dannawa daga wayar kowa, a rubuta ta a ajiye a gida. 'Yan kasuwa kuma, alat na saƙo ana ƙirƙirar sa. Kada kaya su bar shago sai ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna.

[KIƊAN TSAKIYAR SHIRI]

Masu sauraro, ga wanda ya kama mu a tsakiya, shirin musamman ne kan kare kai daga damfara da mugayen manhajoji a intanet. Yanzu za mu koma kan ɓarawon da ba ya kira, ba ya magana, yana zaune ne cikin wayar.

Muguwar manhaja, wadda aka fi sani da bairos, shiri ne da aka rubuta don ya yi aikin wani a cikin na'urarka ba da saninka ba. Wata tana karanta saƙonni ta kwashe OTP kafin ka gani. Wata tana shimfiɗa shafin bogi a kan manhajar banki, kana rubuta lambar sirri tana ɗauka. Wata tana yi maka rajistar abubuwan da ake cire kuɗi kullum, ka sa kati ka neme shi ka rasa. Wata kuwa kulle komai take yi, ta ce sai an biya fansa.

Ta ina take shigowa? A wurinmu, hanya mafi faɗi ita ce manhajojin da ake samu a wajen Play Store. Matasa da yawa suna son WhatsApp ɗin da aka yi wa kwaskwarima, irin su GB WhatsApp, don a karanta saƙon da aka goge ko a ɓoye cewa ana kan layi. Waɗannan ba daga kamfanin WhatsApp suke ba, kuma ba wanda ya san abin da aka cusa a ciki. A watan Agustan 2021, kamfanin tsaron kwamfuta na Kaspersky ya gano wata muguwar manhaja mai suna Triada a cikin wani samfurin FMWhatsApp. Tana iya karanta saƙonni, ta jawo wasu mugayen manhajojin, ta kuma yi wa mai wayar rajistar biyan kuɗi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya zauna ya gyara manhaja ya raba ta kyauta, akwai inda yake fanshewa.

Haka abin yake ga manhajar da aboki ya tura maka ta Xender, ko wadda aka loda maka a memori tare da fina-finai a kasuwar waya. Mai turawar ba lallai ya san tana ɗauke da cuta ba. Akwai kuma shafukan kallon ƙwallo da sauke fim kyauta, inda wani saƙo zai faɗo da jan rubutu yana cewa wayarka ta kamu da bairos, latsa nan a wanke ta. Shafin intanet ba shi da ikon bincika cikin wayarka. Maganin da yake tallatawa, shi ne cutar. Rufe shafin kawai.

Ko daga Play Store ka sauke, ka dubi izinin da manhaja take nema. Tocila ba ta da hurumi da lambobin mutanenka. Manhajar gyaran hoto ba ta da abin yi da saƙonninka. Mun ga illar wannan a manhajojin ba da rance, waɗanda suke kwashe lambobin da ke cikin waya, ranar da mutum ya makara da biya su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci. Abin ya kai hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta fara farautar su a 2022 ta kuma wajabta musu rajista, sannan daga 31 ga Mayun 2023 Google ya haramta wa manhajojin rance taɓa lambobi da hotunan mutane.

Alamomin kamuwa sun haɗa da talla da ke faɗowa ko ba ka buɗe komai ba, data da kati suna ƙarewa ba dalili, waya tana zafi tana ajiye, da baƙuwar manhaja da ba ka san lokacin da ta shigo ba. In ka ga haka, ka goge abin da ba ka sani ba, ka kunna Play Protect ya bincika. In abin ya ƙi, ka kwashe hotuna da lambobinka, a mai da wayar yadda ta fito daga kamfani, sannan ka sauya lambobin sirrinka.

Sai batun sabunta waya da kwamfuta, wanda da yawanmu muke ture shi saboda tsadar data. Ranar 12 ga Mayun 2017, wata manhajar neman fansa mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kimanin 150, ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000, tana neman dala 300 a kan kowace. A Ingila ta shiga asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita kusan 19,000, wasu motocin ɗaukar marasa lafiya aka karkatar da su zuwa wasu asibitocin. Abin takaicin, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran wannan ɓaraka tun watan Maris, wata biyu kafin harin. Waɗanda suka sabunta sun tsira. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sabuntawar nan kuwa ita ce liƙe tsagar.

[GAJEREN KIƊA]

Akwai damfarar da ba ta buƙatar bairos ko OTP, domin mutum da ƙafarsa yake kai kuɗin. A 2016, MMM, tsarin wani ɗan Rasha Sergei Mavrodi wanda irinsa ya taɓa rushewa a ƙasarsa a 1994, ya yi wa 'yan Najeriya alƙawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata. Hukumomi suka yi gargaɗi, aka ce baƙin ciki suke yi. A watan Disamba na shekarar aka daskarar da asusun jama'a. Bayan wasu shekaru sai ga CBEX, da alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, wai na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ce take juya su. A watan Afrilun 2025 ta rufe, hukumar SEC mai kula da hannayen jari ta ce dama ba ta da rajista da ita.

Tsarin bai taɓa sauyawa ba. Kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko da su. Na farkon ya ga alat da gaske, sai ya jawo matarsa, da ƙaninsa, da abokan sallarsa, da zuciya ɗaya. Ranar da masu shiga suka ragu, sai shafin ya ƙi buɗewa. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ko tara mai nauyi ga masu kafa irin wannan, amma ɗaure mutum ba ya dawo da kuɗin gonar da aka sayar. Tambaya biyu sun isa kafin ka zuba ko naira: me ake saya ake sayarwa da har yake kawo wannan riba, kuma sunansu yana cikin rajistar SEC?

Wani sabon babi kuma ya buɗe. A farkon 2024, wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup a Hong Kong ya shiga taron bidiyo, ya ga fuskar babban jami'in kuɗi na kamfanin da wasu abokan aiki, ya ji muryoyinsu, ya tura kimanin dala miliyan 25. Duk cikinsu babu mutum na gaskiya, na'ura ce ta haɗa su. Saboda haka bidiyon wani malami ko attajiri ko gwamna yana tallar jari a Facebook ko TikTok bai isa hujja ba. Ko saƙon murya ne ya zo da neman kuɗi, ka kira mutumin a lambar da ka sani, ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani.

[GAJEREN KIƊA]

To idan mai afkuwa ta afku fa? Minti na farko ya fi kwana na biyu daraja. A rufe asusu da kati nan take. A kira banki a shigar da ƙorafi, domin in an yi sauri akan iya tsayar da kuɗin a asusun da suka faɗa. In layi ne aka ɗauke, a je ofishin kamfanin waya a rufe shi. Kada a goge saƙonni da lambobin da aka yi amfani da su, su ne shaida. A kai rahoto ga 'yan sanda, waɗanda suke da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja, ko ga EFCC; dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, don irin wannan aka yi ta. A kuma kula da masu zuwa daga baya su ce za su ƙwato kuɗin in an biya su wani abu. Sau da yawa ɓarayin farko ne suka sake riga.

Abu na ƙarshe, kunya. Mutane da yawa an cuce su sun yi shiru, don kada a ce da su wawaye. Shirun nan shi ne jarin ɗan damfara, domin da dabarar da ya ci ka da ita zai ci maƙwabcinka gobe. An damfari farfesoshi, an damfari ma'aikatan banki, an damfari manyan kamfanoni. Wanda ya fito ya faɗa, taimakon jama'a ya yi. Ku kuma matasa da kuka fi mu sanin waya, aiki ya same ku a daren nan: ku karɓi wayar Baba da ta Inna, ku kunna musu tabbatarwa mai mataki biyu, ku sa wa sim lambar sirri, ku goge manhajojin da ba a san asalinsu ba, ku kuma ce musu duk wanda ya kira yana neman lamba, su ce sai yarona ya dawo.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya shiryi masu wannan sana'a. A madadin duk waɗanda suka haɗa shirin, nake cewa mu kwana lafiya. Assalamu alaikum.

[KIƊAN RUFE SHIRI]